Yatsa da Awakin Farfesa

Mijin yayata ya shekara ashirin da shida yana wanke-wanke a ƙarƙashin ƙasa. Abin da ya wanke, da za a jera shi, da ya cika layinmu har ya shiga na gaba. Amma abu guda da ya ɓata shi kaɗai mutane suka riƙe, har ainihin sunansa ya ɓace a ciki. Kowa Yatsa yake ce masa. Jikokinsa ma Baba Yatsa suke cewa, a zatonsu da sunan aka haife shi.

A bayan garinmu akwai tsohon ramin haƙar ma'adinai, mai zurfin da sai keji, wato akwatin ƙarfen da ake shiga a sauka, ya yi minti goma sha ɗaya yana sauka da mutum kafin ya taka ƙasa. Da ma'adinan suka ƙare, masana suka karɓi ramin, suka share wani sashe, suka shafe shi da farin fenti, suka kafa na'ura. Ni ne direban motar ma'aikata, ni nake kai su bakin ramin in ɗauko su, don haka ilimina a wannan harka abin da ya faɗo kunnena ne daga kujerun baya. Wai duk abin da ido yake gani, taurari da duniyoyi da mu kanmu, ɗan kaɗan ne. Akwai wani abu da ya ninka shi kusan sau biyar a nauyi, ba ya haske, ba ya inuwa, yana ratsa dutse da mutum kamar babu su. Masana suna da sunan da suke kiran sa da shi. Mu ma'aikata Baƙo muke cewa, tunda an yi shara an zauna ana jiran sa.

Na'urar wani tulu ne na jan ƙarfe, cike da wata iska da aka sanyaya har ta zama ruwa, da idanun gilashi a jere sama da ƙasa. In Baƙo ya zo wucewa ya yi karo da ƙwaya ɗaya a cikin ruwan, sai idanun su ga ɗan ƙyalli. Damuwar ita ce ƙura ma tana kawo ƙyallin, tsatsa tana kawo shi, har gishirin da yake cikin gumin mutum. Shi ya sa aka nemi mai wanki.

Mijin yayata maƙerin tukwane ne, ɗan maƙerin tukwane, ya san jan ƙarfe kamar yadda uwa ta san kukan ɗanta. Aka ɗauke shi, aka sa masa farar riga mai rufe mutum har kai, da abin rufe hanci, da safar hannu uku a kan juna. Aka koya masa tsoma kaya a asid, da ɗauraya sau bakwai a ruwan da ya fi na sha tsabta. Ya koya tsaf. Abin da ba a tambaye shi ba, shi kuma bai ga dalilin faɗa ba, shi ne a gidansu ba a miƙa wa mai kaya tukunya sai babban yatsa ya zagaya bakinta ya ji babu kaushi. Ubansa ya sha dungure masa kai a kan haka. To, ranar da ya gama wanke zoben da zai zauna a cikin tulun, ya duba ya ga aiki ya yi kyau, sai ya zare safar nan guda uku, ya shafa zoben sau ɗaya, ya gyaɗa kai, ya mayar da safarsa.

Aka rufe tulu. Wata bakwai shiru. A na takwas sai ga ƙyalli uku.

A nan ne Farfesa ya shigo labarin. Gajeren mutum ne mai yawan magana, kullum da farin alli a hannun kwat ɗinsa, ga tsoron keji kamar me. Ba ya taɓa na'ura, shi aikinsa lissafi. Tun yana ɗalibi ya riƙe wata ka'ida, cewa kowace ƙaramar ƙwaya da aka gina duniya da ita tana da ɗan'uwanta na tagwaye, mai nauyi, wanda ya ɓuya, kuma mafi rashin nauyi a cikin tagwayen nan shi ne Baƙo. Ya lissafa inda ya kamata a same shi, ya zuba ɗige-ɗige da jar tawada a wata babbar takarda, ya manna a bangon ɗakin cin abinci. Kowane ɗigo wuri ne da Baƙo zai iya ɓuya. Mijin yayata ya kalle su ranar farko ya ce sun yi kama da garken awaki a gefen tudu. Sunan ya bi su har ga Daktoci.

Ƙyallin nan uku a tsakiyar garken suka faɗa.

Ni na ɗauko Farfesa daga tasha ranar. Ya zauna a kujerar gaba, ya kasa rufe baki. Ya sa na tsaya a hanya ya saya wa matarsa furanni, ya manta su a motata. Ya shiga keji ba tare da ya rufe ido ba, karo na farko. Da ya fito ya rungume mai gadi, ya rungume mai dafa abinci, ya kama hannun mijin yayata da hannu biyu yana cewa, "Malam, tsabtarka ce ta jawo mana shi!" Kwana goma sha tara aka yi a haka. Farfesa yana waƙa a motata, murya kamar ana jan tebur a kan siminti.

Sai wata ɗalibarsa, wadda yanzu ita ce Dakta shugabar wurin, ta lura ƙyallin duk daga kusurwa ɗaya suka fito. Aka buɗe tulu, aka haska zoben da wata fitila, aka ɗauki hoto, aka tara kowa a ɗakin cin abinci aka haska hoton a bango. Babban yatsa ne, girman ƙofa, da tabon tsohon yanka a tsakiya daga gefe zuwa gefe. Duk wanda ya taɓa gaisawa da mijin yayata ya san tabon nan. Ba a ma tambaya ba. Ya miƙe daga kujerar baya ya ce, "Nawa ne. Na ga ya yi santsi ne, na ce bari in tabbatar."

Wani ya tuntsire da dariya, sannan ya tuna inda yake ya haɗiye ta. Farfesa ya cire tabarau ya daɗe yana gogewa.

Manyan wurin suka ce a sallami mijin yayata. Farfesa ne ya hana. Ya ce da su, "Yanzu a duk ƙasar nan mutum ɗaya ne na tabbata ba zai ƙara taɓa jan ƙarfe da hannu ba. Shi za ku kora ku kawo sabo?"

Daga ranar Yatsa ya zama wani iri. Ɗauraya bakwai aka ce, shi tara yake yi. In zai sauka sai ya yi wanka biyu, ya aske gemun da Yaya ta fi so a jikinsa. Yana tafiya da babban yatsansa a dunƙule cikin tafin hannu, kamar wanda ya kama ɓarawo yana tsoron ya kuɓuce. Yaya takan ce, "Ni dai na ga ta kaina. Mutum ya wuni yana wa Baƙo wanke-wanke, ya dawo gida ya ɗaga kofina yana haska shi a taga, wai akwai maiƙo. To ga soso nan, Malam, bisimilla."

Ya kuwa ɗauki soson. Tun daga lokacin ba ta ƙara wanke kofi ba, ita kaɗai ce ta ci ribar Baƙo a garin nan.

Duk bayan shekara uku ko huɗu akan gina tulun da ya fi na baya girma, a rufe, a jira, a buɗe sakamako. Kowane karo amsar ɗaya ce, ba a ga komai ba. Ni da farko na ɗauka asara ce zalla, ashe rashin ganin ma sakamako ne. Sai Farfesa ya zo da rula da baƙin alƙalami, ya ja layi a takardarsa, ƙasa da na baya. Duk ɗigon da ya kasance a saman layin ya tafi ke nan, domin da Baƙo yana wurin da an gan shi. Layin yana saukowa kamar rufin ɗaki, awaki suna raguwa. Farfesa yakan ja shi da kansa, yana barkwanci, ya ce yau an yanka masa arba'in.

Yatsa ya daɗe bai haɗa abin da aikinsa ba. Wata rana da rana, muna cin abinci a ƙarƙashin takardar, ya ji Dakta tana wa wasu baƙi bayani cewa layin nasu ya fi na kowa sauka saboda tsabtar kayansu, har ta nuna shi da hannu. Ya ajiye cokali. Da yamma a mota ya matso bayan Farfesa.

"Ranka ya daɗe, in tambaya?"

"Tambayi, Yatsa."

"In na wanke da kyau, na'ura ta ƙara gani."

"Haka ne."

"In ta ƙara gani ba ta ga kowa ba, layi ya sauko."

"Ka zama ɗalibina."

"Ashe ni nake cinye maka awaki."

Farfesa ya yi dariya har da tari. Da ya ga Yatsa ba dariyar yake ba, sai ya juyo sosai ya ce, "Saurara, Malam. In yana cikin awakina, wankinka ne zai nuna shi. In ba ya ciki, gara in sani ina da rai. Ranar da ka bar datti saboda ni, na daina gaishe ka."

Wasu abokan aikin Farfesa, in layi ya taso musu, sai su gyara lissafi su kora garkensu can ƙasa inda layin bai kai ba. Dakta ta ce ba laifi ba ne, ka'idar tana da rassa da yawa. Shi Farfesa ya ƙi. Ya ce reshensa ke nan, ya faɗi inda yake tun yana da gashi a ka, ba zai riƙa matsar da turke ba duk sanda ruwa ya taso. Yara su zana nasu.

Haka shekaru suka tafi. Matar Farfesa ta rasu. Ya yi ritaya amma bai daina zuwa jan layi ba. Awakin da suka fi ɗari huɗu suka koma sittin, suka koma goma sha ɗaya, cure a ƙasan takardar ta hannun dama. Yatsa ya san su ɗaya bayan ɗaya. In ya shigo ɗakin cin abinci sai ya fara duba su kafin ya duba tukunya, kamar wani zai sace ɗaya a bayan idonsa.

Ana cikin shirin tulu na biyar, wanda ya fi motata tsawo, ciwo ya shanye wa Farfesa ɓarin jiki na dama. 'Yarsa ta ɗauke shi zuwa gidanta, ta sa masa gado a ɗakin ƙasa kusa da taga. Kowa ya san wannan tulun zai kai layi har ƙarƙashin goma sha ɗayan nan. Ko a ga Baƙo a cikinsu, ko su tafi duka.

Sai Yatsa ya ce zai ajiye aiki. Ya ce bayansa, ya ce idonsa, ya ce asid ya cinye masa ƙirji. Yaya ta dube shi ta ce, "Bayan naka da ka ɗauki buhun siminti da shi jiya?" Dakta ta roƙe shi, ta ce kaya dubu uku ne za a wanke, babu hannun da ta yarda da shi sai nasa. Ya ce a nemi wani. A mota na ce masa, "Kai dai faɗi gaskiya." Ya kalli taga ya ce, "Na kunyata shi sau ɗaya da datti. Ba zan ƙarasa shi da tsabta ba. Wani ya yi."

Ban san wanda ya kai wa Farfesa labari ba, kodayake Yaya ta yi kwana biyu tana kauce wa idona. Ya aiko a kawo masa Yatsa. Na kai shi. Ɗakin yana warin man zafi, ga kujerar guragu a naɗe a bayan ƙofa, ga littattafai a kwali ba a buɗe ba. Mutumin da ba ya barin kowa ya sa baki, yanzu sai ya yi kokawa kafin kalma ɗaya ta fito. Ya kama rigar Yatsa da hannun hagu.

"Wa... zai wanke?"

"Akwai yara, ranka ya daɗe. Sun iya."

"Sau nawa?"

"Bakwai."

"Kai fa?"

Yatsa ya sunkuyar da kai. "Tara."

Farfesa ya saki rigar, ya nuna ƙofa da haɓa. Da Yatsa ya tsaya, sai ya ƙara nunawa, ya rufe ido, bai sake kallon mu ba. Ko sallama bai amsa ba.

Washegari Yatsa ya riga kowa shiga mota. Wata goma sha huɗu ya yi a kan kayan nan. Ƙusoshi ƙanana kamar ƙwayar gero, ɗaya bayan ɗaya, da wayoyi, da zobba masu faɗin ɗaki. Fatar hannunsa ta tsage duk da safa. Ya daina tsayawa hira. Da aka auna kayan, Dakta ta ce ba ta taɓa ganin jan ƙarfe mai shiru, marar kawo ƙyallin ƙarya, irin wannan ba. Aka tafa masa. Ya fita ya zauna a mota shi kaɗai har aka tashi.

Shekara biyu tulun yana rufe. Duk ƙarshen mako Yatsa yana zuwa gidan 'yar Farfesa, ya yanke masa farce, ya goge masa tabarau, ya ba shi labarin rami. Tambayar Farfesa ɗaya ce, "Shiru?" Shi kuma ya ce, "Ba a buɗe ba tukuna."

Ranar da aka buɗe, muna ɗakin cin abinci duka. Babu ƙyalli ko ɗaya da ba a san mai shi ba. Yaran suka yi ta murna, domin layinsu ya zarce na kowa, kuma haƙƙinsu ne su yi. Dakta ta ɗauki rula ta nufi takardar, ta tsaya, ta ajiye. Ta ce ba ta taɓa jan layin nan ba, ba za ta fara yau ba. Ta yi wa 'yar Farfesa waya, 'yar ta ce don Allah kada a faɗa masa, likita ya ce a guje masa tashin hankali, a bar shi da "ba a buɗe ba" har iyakar kwanansa.

Yatsa ya ciro takardar daga bango, a hankali saboda ta tsufa tana karyewa a gefe, ya naɗe ta, ya ɗauki rula da baƙin alƙalami. Ya ce da ni, "Tayar da mota."

'Yar ta tare mu a bakin ƙofa. "Baba Yatsa, na roƙe ku fa."

"Kin roƙa, 'yata. Amma zai tambaye ni. Shekara ashirin da wani abu ban yi masa ƙarya ba, sai ta bayana da idona, ita ma bai yarda da ita ba."

Ta matsa tana share hawaye.

Farfesa bai tambaya ba ma. Ya ga takardar a hammatar Yatsa, ya ga fuskarsa. Ya yi alama a ɗaga shi. Muka jingina shi da matasai, muka ɗora tiren abinci a cinyarsa muka shimfiɗa takardar a kai. Dakta ta riga ta sa alama biyu da fensir inda layin zai bi. Yatsa ya danne rula, ya sa masa alƙalami a hannun hagu. Layin ya fito a karkace kamar na ɗan aji ɗaya, sau biyu yana zamewa daga jikin rula. Amma ya kai shi ƙarshe. Goma sha ɗayan duk suna sama.

Ya daɗe yana kallo. Sannan ya ce, "Da tsabta?"

"Da tsabta, ranka ya daɗe."

"Tara?"

"Tara."

Ya gyaɗa kai. Ya ɗora hannunsa a kan na Yatsa da yake kan rula, ya bar shi a nan. Hawaye yana bin ɓarin fuskar da ba ya motsi, 'yarsa tana gogewa. Can ya ce, "To. Mun sani." Bayan wata uku ya rasu, da hantsi, ana goge masa tabarau.

Yatsa ya ajiye aiki a ƙarshen shekarar, wannan karon babu wanda ya hana shi. Ana gina tulu na shida yanzu, yara sun zana sababbin ɗige-ɗige da koriyar tawada, can ƙasa. Ba ya tambayar labarinsu. Yana zama a ƙofar gida yana gyara wa maƙwabta tukwane kyauta, in ya gama ya miƙa ba tare da ya shafa ba.

Kwanan baya na same shi zaune shiru, tukunya a cinya, bai ko taɓa ta ba. Na ce bari in tsokane shi ko ya saki fuska. Na ce, "Ka ga, Baba Yatsa, duk masanan nan da tulunansu biyar, babu wanda ya taɓa kamo Baƙo sai wannan yatsan naka. Ya kamata a yanke shi a ajiye a gilashi."

Ya buɗe hannu ya kalli yatsan, ya ɗan yi murmushi.

"Ku yi ta dariya," in ji shi. "Kwana goma sha tara ya yi yana waƙa saboda dattin nan. Na shekara ashirin da biyar ina wanki, ban ƙara sa shi ya yi ko baiti ɗaya ba."